Kabewar da Na Kai wa Yaya Khiem

Mu biyu iyayenmu suka haifa, ni da Yaya Khiem, kuma shekara tara ya ba ni. Shi ya gaji sana'ar gidanmu ta yin taliyar shinkafa a bakin kasuwar Ka Do. Ni kuwa, Gam, manomi na aura, na koma gona.

Duk wanda ya ci kasuwar Ka Do a shekarun nan ya san rumfar Yaya. Tun gari bai gama wayewa ba yake markaɗa shinkafar da ta kwana a ruwa, ya ɗaure ƙyalle a bakin tukunya mai tafasa, ya riƙa zuba ƙullu yana baza shi da bayan ludayi. Da ya nuna sai ya sa tsinken gora ya ɗago shi kamar farin hankici, matarsa Anti Thuc ta shafa masa man gyaɗa ta yanyanka. In sun ware na rumfa, sai ya ɗaure kwando biyu a babur ya kai wa masu gidajen abinci har garin Thanh My. Ƙaton mutum ne, mai ci, mai dariya da ƙarfi. Kwano uku na taliya yake tashi da su kafin rana ta yi tsaka.

Ciwon suga ne ya yi ajalin Babanmu. Da ɗan yatsan ƙafa ya fara, aka yanke. Aka dawo aka yanke zuwa idon sawu, daga baya har gwiwa. Yaya ne ya yi jinyarsa shekara biyu cur, shi ke goya shi zuwa bayan gida, shi ke wanke masa gyambo. Ni lokacin ina fama da goyo, sai dai in leƙa in koma.

Shekarar da Yaya ya cika hamsin da biyu, ƙishirwa da yawan fitsari suka sa shi gaba. Anti Thuc ta matsa masa har ya je ƙaramin asibitin garinmu. Malama Diep, ma'aikaciyar jinyar da ta daɗe a wurin, ta huda masa yatsa ta gwada, na'ura ta nuna sha shida, suga ya hau sosai. Aka rubuta masa ƙwaya ɗaya kullum da safe. Malama ta ce ya rage taliya da shinkafa zuwa rabi, ya yawaita ganye, ya dawo bayan wata guda.

Da yamma na je gidan. Na same shi zaune gaban hoton Baba, turaren tsinke yana ci, shi kuma ya tuɓe takalmi ya zuba wa ƙafafunsa ido.

"Yaya, ka ci abinci kuwa?"

"Me zan ci, Gam? Abin da nake dafawa shi ne guba ta."

"Haba, rabi aka ce, ba a ce ka daina ba."

"Baba ma da rabi aka fara masa."

Na zauna kusa da shi har turaren ya cinye.

A wannan shekarar ne muka fara noman wata kabewa da ba mu saba da ita ba. Wata 'yar kasuwa daga birnin Saigon ce ta kawo mana iri, ta ce duk abin da muka samu za ta kwashe. Rawaya ce, doguwa kaɗan, ba ta wuce kan jariri ba. In ka yanka ta zobe-zobe ka tafasa, ka tsoma a ruwan sanyi ka murza, sai namanta ya warware zare-zare kamar taliya. Shi ya sa ake ce mata kabewar taliya. Mu ba ma ci. Waɗanda matar ta ce sun yi ƙanana, shanu muke zuba wa.

Ranar da ta zo ɗaukar kaya na tambaye ta su wa ke sayen wannan abu.

"Matan birni masu son rage ƙiba," in ji ta, "da masu ciwon suga. Ai ita ce maganinsu. Ci iya cinka, ba ta taɓa jini."

Ban bar ta ta rufe baki ba na zaɓi guda biyar na sa a buhu.

A ɗakin girkin Anti Thuc na dafa ta farko. Na warware zaren a kwano, na zuba romon kaza, na yayyafa ganyen albasa da barkono, na ajiye wa Yaya. Ya ɗaga da tsinken cin abinci yana jujjuyawa.

"Wannan kuma ciyawar wace gona ce?"

"Ci dai ka ji."

Ya tauna, tana ƙaras-ƙaras a bakinsa. "Ba ta da ɗanɗano. Kamar mutum ya tauna ruwa."

"To ka tauna ruwan, Baban Nhan," in ji Anti Thuc. "Kwana uku ke nan ba ka ci abin kirki ba."

Ya cinye, ya miƙo kwano na ƙara masa. Rabon da in ga ya ƙara abinci tun ranar asibiti.

'Yarsu Nhan, wadda ke aiki a Saigon, ta aiko masa da na'urar gwaji. Cikin mako biyu lambar ta sauko daga sha shida zuwa tara, daga tara zuwa bakwai. Kullum sai ya kira ni a waya ya faɗa mini, muryarsa kamar ta wanda ya ci jarrabawa. Ni kuma kaina ya kumbura. Shekara biyu ya ɗauki nauyin Baba shi kaɗai, yau ga shi ni ma na kawo abin da zai cece shi. Da bakina na ce masa, "Yaya, ka bar shinkafar nan gaba ɗaya mana, tunda ga wadda ta fi ta. Kabewa ba za ta yanke ba muddin ina numfashi."

Ya bar shinkafa, ya bar taliya. Bai tsaya nan ba. Wani a kasuwa ya ce masa nama yana tayar da ciwon, ya bar nama. Ya ce kifi da mai ake soya shi, ya bar kifi. Aka wayi gari ba abin da ke shiga cikinsa sai kabewa da tafasasshen ganye da ɗan gishiri, safe da rana da yamma. Ƙwayarsa kuwa bai taɓa fashin ta ba. Ranar komawa asibiti ta zo ta wuce, ya ce me zai je yi, ga na'ura tana nuna biyar.

Wajen wata biyu da farawa, Anti Thuc ta same ni a gona ina ɗaure yaɗon kabewa a jikin raga. Ba ta saba zuwa ba, don haka na san da magana.

"Gwaggon yara, yayanki ba lafiya."

"Lambar ta hau ne?"

"Lamba lafiyarta lau, mutumin ne ba lafiya. Wandonsa sai da na ƙara wa bel huda biyu. In hantsi ya yi hannunsa rawa yake, gumi na keto masa ga sanyin garin nan. Jiya ludayi ya suɓuce masa sau biyu. Ya yi mini tsawa a gaban masu saye, abin da bai taɓa yi ba."

"Ciwon ne ke fita, Anti. Dole jiki ya ji."

"Ke kika gaya masa ya bar shinkafa. Maganarki yake ji yanzu, ba tawa ba. Ki ce masa ya ci ko ƙwai ne."

Na ji haushin maganar. A raina na ce kishi take don ba ita ta samo maganin ba. Na ce mata zan yi masa magana, na cika mata buhu da kabewa, ta tafi. Ban yi masa maganar ba.

Kwana tara bayan nan, wata Talata da hantsi, ina cikin gona na ji ana ƙwala mini kira daga titi. Gonarmu tana bakin hanyar Thanh My, kusa da gada, inda wata dattijuwa, Iya Sau, take matse ruwan rake. Muryarta ce.

"Gam! Gam! Fito, yayanki ya faɗi!"

Na ruga ba takalmi. Babur na kwance a cikin kwata, taya na juyawa, kwandunan sun tarwatse. Yaya na gefe a kan duwatsu, kafaɗarsa ta dama ta karkace yadda kafaɗa ba ta karkacewa. Ba mota ce ta buge shi ba. Iya Sau ta ce tun daga gada ta hango shi yana tangaɗi, a hankali ya sauka daga titi kamar mai barci. Fuskarsa ta yi fari fat, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Idonsa biyu, amma maganarsa kamar ta mashayi, harshe ya yi nauyi.

Wani mai babur da ya tsaya ya ce, "Da sanyin safiyar nan har ya sha ya bugu?"

"Rufe mana baki," in ji Iya Sau. Ta taɓa goshinsa, ta dube ni. "Yana shan maganin suga?"

"Yana sha."

"Me ya ci yau?"

"Kabewa."

"Kabewa da me?"

Ba ta jira amsata ba. Ta juya da sauri, ta dawo da kofi cike da ruwan rake. Ban san lokacin da na tare hannunta ba, har ya fantsama a zanenta.

"Iya, mai ciwon suga ne! Kashe shi za ki yi?"

"Sakar mini hannu, yarinya! Shekara goma sha ɗaya na yi jinyar mijina da ciwon nan. Sugansa ne ya ƙare. In bai sha ba yanzu, a nan za ki rasa shi."

Na sake ta. Ta tallafo kansa ta kai kofin bakinsa. Da ya ji ƙanshin rake sai ya datse haƙora ya kau da kai.

"Suga ne," yake cewa da ƙyar. "Kar ku ba ni. Ƙafata. Kar ku ba ni."

Iya Sau ta miƙo mini kofin. "Ke yake ji. Ba shi."

Na durƙusa a kan duwatsun. "Yaya, ni ce, Gam. Ka sha. Ni na ce ka sha, ba abin da zai sami ƙafarka."

Ya daɗe yana kallona kamar yana neman inda ya san ni. Sannan ya buɗe baki. Kurɓi ɗaya, kurɓi biyu, har ya shanye, Iya ta ƙaro rabi. Ba a yi minti goma ba idonsa ya washe, ya kira sunana daidai. A lokacin ne kuma zafin kafaɗar ya iso masa, ya yi wata ƙara da har yau nake jin ta.

Kwana goma sha biyu ya yi a babban asibiti. Ƙashin kafaɗar ya karye gida uku, jijiya ma ta taɓu. Aka yi masa aiki, aka canja masa ƙwaya. Duk kwanakin nan Anti Thuc ba ta ce mini uffan ba sai sau ɗaya, a baranda, tana wanke kwanon abincinsa. Ba ta ko ɗago kai ba.

"Har gona na same ki na gaya miki."

"Kin gaya mini, Anti."

"To."

Bayan an sallame shi, muka raka shi ƙaramin asibiti wankin ciwo. Malama Diep ta gama aikinta, ta ce mu ukun mu zauna. Ta sa aka ɗauko mata kabewar guda, don ta ce tun da labarin ya iso mata ta nemi ta ga abin da ya kayar da ƙato kamar Khiem. Ta ɗora ta a tebur.

"Ba laifinta ba ne," in ji ta. "Abu ne mai kyau, ni ma na fara ci. Amma ku san abin da ke cikinta. In kun kasa ta kashi goma, tara ruwa ne. Sitacin da ke cikin kwanonta guda bai fi kashi ɗaya cikin huɗu na kwanon taliyarka ba. Shi ya sa lambar ta sauka, ba don ta warkar da kai ba. Tana da zare mai gyara ciki, mai sa mutum ya ji ya ƙoshi. Tana da bitamin daidai gwargwado, da irin sinadarin nan da ake samu a ayaba. Amma abin da ke gina tsoka, ɗan kaɗan ne ƙwarai. Maiƙo kuwa kusan babu. Kayan lambu ce, Khiem, kamar kabeji. Ka taɓa ganin wanda ya ɗauki kwando biyu zuwa Thanh My da kabeji kaɗai a cikinsa?"

Yaya ya sunkuyar da kai. "Ni dai na ga lambar tana sauka."

"Lambar tana da ƙasa kamar yadda take da sama, kuma ta ƙasan ta fi saurin kisa. Ƙwayar da kake sha tura suga ƙasa take yi, ko ka ci ko ba ka ci ba. Da ka dawo ranar da na ce, da mun rage maka ita."

Ta ɗauki takarda ta zana da'ira, ta raba ta. Rabi ganye da kabewa. Kashi ɗaya cikin huɗu kifi ko kaza ko ƙwai ko awara. Ragowar shinkafa ko taliyarsa ta gado. Ta ce ya riƙa yawo da alewa uku a aljihu. Ta miƙa takardar, Anti Thuc ta karɓa ta ninke ta sa a jaka. Ni ba wanda ya dube ni, kuma na fi son haka.

Ƙashi ya haɗe, amma hannun bai dawo ba. Ba ya ɗaguwa sama da ƙirji, yatsu biyu kuma ba sa ji. Ranar da ya gwada baza ƙullu, ludayin ya tsaya masa a tsakiyar ƙyalle. Ya gwada da hagu, ya yi kauri a gefe ɗaya ya yage a ɗayan. Ya ajiye ludayin ya fita bayan rumfa, ya daɗe bai dawo ba. Kai kaya Thanh My ya tsaya, masu gidajen abinci suka koma wurin wani. Anti Thuc ce ta hau kujerar gaban tukunya, tana da shekara arba'in da takwas, shi yana tsaye a kanta yana cewa, "Sassauta hannu, Maman Nhan, ba wanki kike ba."

Ni kuwa na daina zuwa kasuwa ta wannan layin. Na ce wa maigidana mu tuge kabewar mu shuka tumatir. Ya ce ba zai tuge abin da bai yi masa komai ba. Ranar tunawa da rasuwar Baba dole na je gidan. Na kunna turare, na rusuna, Anti Thuc ta ajiye mini abinci kamar yadda ta ajiye wa kowa, ba ta haɗa ido da ni ba. Na ci loma biyu na tafi.

Wata biyar da faɗuwarsa, Yaya ya zo gona da ƙafa, don an ce ya riƙa tafiya kullum. Ya ɗan murmure, kumatunsa sun fara dawowa. Ya zauna a kan buhun taki.

"Kin yi fushi da mu ne?"

"Da wane ido zan zo, Yaya?"

"Da waɗannan biyun da ke kanki." Ya murza yatsun da ba sa ji. "Kina ganin ke kika hana ni cin abinci? Tsoro ne ya hana ni. Ko ba ki kawo kabewa ba, da na sami wani abin na maƙale masa. Da za a ce mini cin ƙasa yana saukar da lambar nan, da na ci."

"Amma Anti ta zo ta gaya mini, ban yi komai ba."

"Wannan kam kin yi laifi. Tsakaninki da ita ne, ba zan shiga ba."

Na yi kuka sosai, bai hana ni ba. Da zai tafi ya ce in ba shi kabewa biyu, tasu ta ƙare tuntuni, Anti Thuc kuma a kasuwa take saye da tsada don kar ta tambaye ni. Na ce zan kai masa. Ya ce a'a, ya rungume su da hannun hagu ya kama hanya.

Sai da aka ƙara wata biyu. Wata safiya wayata ta yi ƙara, na ga lambar Anti Thuc.

"Tururi ya ƙona mini hannu," ta ce, ba ko gaisuwa. "Ga ƙullu na markaɗa, zai yi tsami. Kin iya bazawa ko kin manta?"

"Rabona da shi tun ina budurwa."

"To zo ki tuna."

Na same ta da hannu a naɗe har gwiwar hannu. Na zauna gaban tukunya. Na farko ya yage, na biyu ya manne a ƙyalle. Yaya ya buɗe baki zai yi magana, ta ce, "Ƙyale ta, ai kai ma ba da shi aka haife ka ba." Na biyar ya fito sumul. Ta shafa mai da hannu ɗaya, Yaya ya danne da hagu, ta yanka. Haka muka yi har rana ta ɗaga, ba mai cewa komai sai abin da ya shafi aiki.

Da masu saye suka ragu, na ce, "Anti, ranar da kika zo gona..."

"Na sani," ta katse ni. "Ni ma da na kama hannunsa na ja shi asibiti, ba gonarki ba. Tashi ki ci abinci, ƙullu bai ƙare ba."

Mako uku na yi ina zuwa har hannunta ya warke. Daga baya ma ban daina ba, duk ranar babbar kasuwa ina can.

Shekara huɗu ke nan yanzu. Rumfar ta ragu, tebur uku ne inda da ake da shida. Yaya ne ke zuba romo da kwashe kwanuka, duk da hagu. Duk farkon wata yana zuwa wurin Malama Diep, Anti Thuc na biye da shi ko yana so ko ba ya so. In damina ta kankama kafaɗar takan hana shi sukuni, sai ya zauna kusa da murhu ya juya mata wuta, ya yi ta kallon masu wucewa.